Shekara Huɗu a Takardar Ƙanena

Mu gidan wanzamai ne. Kakana wanzami ne, mahaifina shi ne Sarkin Aska na Cadawa har ya rasu, ni kuma na ɗauki zabirarsa bayansa. Ban yi boko da ƙuruciya ba. Sai da na yi aure na haifi 'ya'ya biyu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, na koyi rubuta Hausa da ɗan Faransancin da ba a rasa ba. Da wannan ɗan karatu nake rubuta labarin yadda ƙanena ya samu shiga koyon fiɗar baki da muƙamuƙi. Zan bi shi daki-daki yadda ya faru, don ba na son labarin da ake farawa daga tsakiya.

Farkon abin tun zamanin Nasara ne. Wata shekara bayan girbi kumandan, Baturen da ke mulkin yankinmu, ya aiko wa mai gari da takarda, yana son yara shida daga Cadawa a kai su lakol, wato makarantar boko. Sunayen an tsamo su ne daga littafin ƙidaya, inda aka rubuta kowane gida da mutanensa da shekarunsu. Sunana yana ciki. A lokacin shekarata goma, ƙanena yana da shida.

A wancan zamani wanda aka ɗauki ɗansa lakol, jaje ake zuwa yi masa. Baba bai yi gardama da kowa ba. Ya dai ce ɗan fari shi ke ɗaukar zabira, haka ya tarar, haka zai bari. Ranar da aka tara yaran a ƙofar mai gari, sai ya sa wa ƙanena rigata, wadda ta kai masa har idon sawu, ya riƙo hannunsa suka tafi. Da dogari ya kira sunana, Baba ya tura shi gaba. Mai gari ya gani ya kau da kai. Malamin lakol, wanda muke ce wa mushe, ya dubi takarda ya dubi yaron ya ce, "Wannan ne ɗan shekara goma?"

Baba ya ce, "Shi ne, mushe. Tuwo ne ba ya ci."

Mushe yara shida aka ce ya kawo, ga shida a gabansa. Ya rubuta, ya wuce.

Daga ranar ƙanena ya zama mai suna biyu. A gida muna kiransa da wanda aka raɗa masa. A lakol kuwa da sunana ake kiransa, kuma shekaruna aka ɗora masa, ya zama a takarda ya girmi kansa da shekara huɗu. Babu wanda abin ya dama. Takarda ta lakol ce, mu ba mu da aiki da ita.

Yaron ya yi ƙwazo. Daga nan aka kai shi Maraɗi, daga Maraɗi sai Yamai. Yana can ƙasa ta samu mulkin kai. Sau biyu shekarun nan suka so tare shi wajen wucewa gaba, amma lokacin gwamnati na neman masu karatu ruwa a jallo, aka yi ta kau da kai. Daga baya aka tura shi Dakar koyon aikin likitan haƙori. Da labarin ya iso, Baba ya yi dariya har ya ajiye askar da ke hannunsa. Ya ce, "Haƙori? Sun kai shi bakin teku ya koyi abin da nike yi gindin gawo?" Amma na san ya ji daɗi. A ganinsa yaro ya zaga duniya ya komo sana'ar gidansu.

Baba yana cire haƙori, kuma ya iya. Awartakin da yake aiki da shi wani maƙeri ya ƙera wa kakana. Yakan zaunar da mutum a ƙasa, ya sa in riƙe kai, ya girgiza haƙorin sau uku, na huɗu ya fito da shi. Sai a kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi, a cusa auduga, mutum ya tashi. Ban taɓa ganin ya bar guntu a dasashi ba sai sau biyu, kuma duk biyun ya faɗa wa masu bakin.

Ƙanena ya gama ya dawo, aka ajiye shi aiki a Maraɗi. Mutanen gari suka koma kiransa lokotoro, wato likita. Ya yi shekara biyu yana aiki. A ta uku, da kaka, an gama yankan hatsi ana ɗaurin damma, sai ga shi ya sauko daga motar kasuwa da jakar aikinsa da wani babban ambulan. Bai fara zuwa wurin Baba ba, zaurena ya shigo. Muka gaisa, ya sha ruwa, ya baje takardu a kan tabarma.

Ya yi mini bayani, ni kuma na sa ya maimaita har na gane. An buɗe gurbin ƙarin karatu na shekara huɗu a ƙasar waje, na fiɗar baki da muƙamuƙi. Ba cire haƙori ba ne. Aiki ne na gyara muƙamuƙin da ya karye, da yanke ƙari a baki, da ɗinke fuskar yaran da ciwon nan mai cin kumatu ya ɓata. Gurbi ɗaya aka ba ƙasarmu. Za a yi jarrabawa a Yamai, amma kafin mutum ya zauna sai ya aika da takardu iri biyar: shaidar gama karatu, wasiƙar shugabansa na aiki, shaidar lafiya, hotuna, da takardar haihuwa. Huɗu suna hannu. Ta biyar ma tana hannu, ita ce matsalar. Sharaɗin shi ne kada mai nema ya wuce shekara talatin. Takarda ta ce talatin da biyu. Gaskiya kuwa ashirin da takwas.

Ya ce, "Yaya, shekarunka sun tare mini hanya."

Na ce, "Ba ni na ba ka su ba. Mine ne maganin?"

Maganin ɗaya ne. A je gaban alƙali, uba ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, a kawo shaidu biyu da wata hujja a rubuce, alƙali ya gyara shekarar. Kuma takardun su isa Yamai cikin mako uku. In sun wuce, sai wani zagayen, wanda ba a san ranarsa ba, kuma kafin nan ko da shekarunsa na gaskiya ya wuce.

Da la'asar muka sami Baba a ƙofar gida yana wasa asake. Ƙanena ya durƙusa ya faɗi buƙatarsa. Baba bai ɗaga kai ba har ya gama.

"Ba ka gama karatun ba ashe?"

"Na gama na haƙori, Baba. Wannan na muƙamuƙi ne."

"In ka gama na muƙamuƙi sai na mi? Na kunne? Shekara ashirin kana lakol. Ni kwana arba'in ubana ya nuna mini, na kama aiki."

"Baba, abin da nake roƙo ka je Agiye ka faɗa wa alƙali yadda aka yi."

"Ba ni zuwa."

Bai ƙara ba, mu ma ba mu ƙara ba. Ba a ja da Baba a zama ɗaya. Washegari na koma ni kaɗai, ina gyara masa ƙahonin zabira, na bi shi a hankali har na gane dalilansa. Uku ne. Na farko, bai taɓa tsayawa gaban hukuma ba, kuma ba zai fara da cewa ya yi ƙarya ba. Yana ganin daga nan sai gidan kaso. Na biyu, mai garin da ya kau da kai ya rasu, ɗansa ke kan gado, Baba ba ya son a ce ya tona asirin mamaci. Na uku shi ne babba: bai ga amfanin karatun ba. Ya ce mutum yana da aiki, yana da ɗaki, ana kiransa lokotoro, sai ya koma ɗalibi kamar wanda aka kora.

Na ce, "Mulki ya canza, Baba. Nasaran da aka ɓoye wa ya tafi."

Ya ce, "Ya tahi da littahin?"

Kwana biyar suka wuce a haka. Ƙanena ba mai yawan magana ba ne, amma na ga ya daina cin abinci sosai. Kullum da safe yakan fito da ambulan ɗin ya ƙirga takardun ya mayar. Na ce masa ya daina, ƙirgawa ba ta ƙara su.

Rana ta shida ranar kasuwa ce. Muna gindin gawonmu, Baba yana yi wa wani ƙaho, ni ina aski, ƙanena yana zaune a kan benci don ba shi da abin yi a gida. Wajen hantsi sai ga Fulani biyu, ɗaya ya tallabo ɗaya. Wanda aka tallabo ya naɗe fuska da rawani, jini ya bushe a jikin ƙyallen. Ɗan'uwansa ya ce, "Sarkin Aska, ka duba muna shi. Bijimi ya harbe shi tun jiya wajen rijiya. Ko nono bai sha ba."

Baba ya wanke hannu ya kwance rawanin. Bakin mutumin a buɗe yake, ya karkace gefe ɗaya, haƙoran ƙasa ba su haɗuwa da na sama. Baba ya bi muƙamuƙin da yatsu tun daga haɓa har gindin kunne, hagu da dama. Ya daɗe yana taɓawa. Sannan ya ce, "Ya karye wuri biyu." Na san abin da hakan ke nufi. Abin da Baba yake yi wa irin wannan shi ne ya ɗaure kai da haɓa da ƙyalle, ya ce a yi ta ba shi kunu, sauran na Allah ne. Na ga mutum uku da aka yi wa haka. Biyu sun rayu da karkataccen baki, ɗaya ya rame har ya mutu.

Baba ya waiwaya ya dubi benci. Ya ce, "Kai lokotoro, zama ka zo yi?"

Ƙanena ya tashi ya ɗauko jakarsa daga gida. Ya sa aka tafasa ruwa wurin mai shayi, ya zuba kayansa a ciki. Ya yi wa mutumin allurar kashe zafi a dasashi. Sannan ya ce a riƙe kai. Na matso, Baba ya ture ni ya ce, "Ni zan riƙe." Tunda nake ban taɓa ganin ya riƙe wa wani kai ba. Shi ake riƙe wa.

Ƙanena ya fito da wata siririyar waya mai sheƙi. Ya riƙa zura ta tsakanin haƙora yana murɗawa, ɗaya bayan ɗaya, na sama da na ƙasa. Da ya gama, ya tallabi haɓar ya mai da ita wurinta a hankali, ya ɗaure wayar sama da ta ƙasa, baki ya rufe, haƙora suka hau juna. Akwai giɓi a gefe inda wani haƙori ya faɗi tun da daɗewa. Ya sa aka kawo ɗan bututun kara da ƙwaryar nono, ya zura ta giɓin. Mutumin ya zuƙa. Ɗan'uwansa ya riƙa cewa, "Ya sha, walla ya sha."

'Yan kasuwa da suka taru suka fara sa albarka. Ƙanena bai saurare su ba. Ya ce wa Baba, "Taɓa nan." Ya ɗora yatsan Baba a gefen haɓa. "Wannan zai haɗe, in sun bar wayar kwana arba'in. Yanzu taɓa nan." Ya kai yatsan gindin kunnen hagu. "Wannan ya goce ya shige ciki. Waya ba ta kai wurin. Sai an tsaga an jawo shi an ɗaure ƙashin da kansa."

Baba ya ce, "To tsaga mana."

"Ban iya ba."

"Wa ya iya?"

"Mutum ɗaya na sani, a Yamai. Bature ne, kuma ƙarshen shekara zai koma gida."

Ƙanena ya rubuta wa Fulanin takarda ya ce su kai shi asibiti. Ɗan'uwan ya karɓa ya soke ta a hula, amma duk mun san ba za su bar shanu su tafi Yamai ba. Muka ci gaba da aiki har kasuwa ta watse.

Washegari bayan sallar asuba Baba ya aiko a kira ni. Na tarar yana shan kunu. Ya ce, "Hujjar da alƙali ke so, wace iri ce?"

Na ce, "Takarda, wadda ta nuna shekarar da aka haife shi."

"Mu ba mu da ita. Amma soja na da ita."

Sojan nan taubashin Baba ne, ɗan gwaggonsa. Ya yi wa Faransa aikin soja shekaru da yawa, da ya gama ya koma Cadakori garin matarsa ya zauna. Baba ya ce shekarar da aka haifi ƙanena, soja ya zo hutu Cadawa da matarsa da tsohon ciki, ta haihu a nan. Rana ɗaya aka haifi 'yarsa da ƙanena, rana ɗaya aka yi suna, kuma Baba ne ya yi wa jariran biyu askin suna. Soja kuwa dole ne ya rubuta duk ɗan da ya haifa a littafin iyali da aka ba shi, da rana da wata da shekara.

"Tahi ka zo da shi, da shi da littahin. Ka biya ka gaya wa mai gari tukuna, kada ya ji a bakin wasu."

Na fara da mai gari. Ya saurara ya ce mahaifinsa ya kau da kai ga fiye da gida goma, Allah ya jiƙansa, a je a gyara. Sannan na hau mota zuwa Maraɗi, daga can na sami wata zuwa Cadakori. Na isa da azahar, na tarar da soja a ƙarƙashin rumfa yana gyaran igiyar guga. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Ya yi dariya har da tari.

"Wanzamin banza! Yau shekara nawa ina ce mishi ɓarawon yara ne? Ya saci ƙarami ya ba Nasara, ya ɓoye babba. Yanzu yana nemana in wanke shi?"

"Baba soja, kwana goma sha huɗu suka rage."

"Ka gaya mishi sai ya yi mini aski kyauta har in mutu."

"Ai ba ka da gashin."

"Kai ma ka gado bakin ubanka. Shiga ka ce a ba ka hura."

Ya shiga ɗaki ya fito da wani gwangwani. A ciki akwai lambobin yabo uku da littafin, an naɗe shi da fata. Ya buɗe ya nuna mini layin 'yarsa. Na karanta shekarar, na ƙirga da yatsu sau biyu. Ashirin da takwas. Na kwana can, da safe muka kamo hanya tare.

Shaida ta biyu ba mu sha wahalar samunta ba. Ungozomar da ta yanke cibiyar jariran biyu tana raye, ta tsufa amma hankalinta garau.

A lokacin alƙali ba ya zama Agiye. Daga Tasawa yake zuwa sau biyu a wata, ya zauna a wani ɗaki kusa da buro, wato ofishin hukuma. Zuwansa na gaba ya faɗo saura kwana takwas a rufe karɓar takardu. Muka tafi mu biyar: Baba, soja, ungozoma, ƙanena da ni. Baba ya sa babbar rigarsa ta Sallah, kuma na lura ya ɗauko bargo ya naɗe a hammata. Na tambaye shi na mine ne. Ya ce, "In sun riƙe ni." Soja ya ji, ya ce, "Kada ka damu, zan riƙa kawo maka tuwo, tunda ɗanka ne ba ya ci, ba kai ba."

A bakin ƙofa akwai jandarma. Baba ya tsaya cik. Soja, wanda ya jera lambobinsa a ƙirji, ya sara wa jandarman, jandarma ya rama, muka shiga.

Alƙalin saurayi ne, bai fi ƙanena ba, kuma Bahaushe ne, ba a buƙaci tafinta ba. Ya karanta takardar ƙarar ya ce uban ya yi magana. Baba ya miƙe ya faɗi komai, tun daga takardar kumandan har rigar da ta kai idon sawu. Bai rage ba, bai yi wa kansa ado ba. Alƙali ya tambaye shi dalili. Ya ce, "Na fari ne. Shi ke ɗaukar zabira."

Ungozoma ta ce da hantsi ta yanke cibiyar 'yar soja, da la'asar ta yanke ta wannan, ko tuwon rana ba ta ci ba ranar. Soja ya miƙa littafi. Alƙali ya duba, ya juya shafi, ya duba hatimi. Sannan ya dubi Baba.

"Baba, jarirai nawa ka yi wa aski a rayuwarka?"

"Ban ƙirga ba, ranka ya daɗe."

"To yaya aka yi ka tuna waɗannan biyun rana ɗaya ne?"

Baba ya ce, "Da gidan soja na fara, don shi baƙo ne. Aska guda na yi musu, ban ko wasa ta ba tsakani." Daga nan ya shiga jero jariran da ya yi wa askin suna a shekarar, gida-gida, tun daga na farkon damina, da sunan uba da unguwa, da wanda ya rayu da wanda ya koma. Ungozoma tana gyaɗa kai, sau ɗaya ta gyara masa. Yana kan na goma sha ɗaya alƙali ya ɗaga hannu ya ce ya isa.

Ya ce shekara zai gyara ta. Amma akwai sauran magana. Duk takardun karatun ƙanena, tun daga na lakol har na Dakar, da sunana aka rubuta su. In aka canza sunan, sun zama na wani. Sai dai a bar masa shi. Ya tambaya wane ne mai sunan na asali. Na miƙe.

"Kana da takardar haihuwa?"

"Ba ni da ita."

"In na bar masa sunan nan, ranar da ka zo neman taka, da nasa za a rubuta ka. Har abada haka zai zauna a wurin hukuma. Ka yarda?"

Ban yi tsammanin za a tambaye ni komai ba. Ƙanena ya sunkuyar da kai. Baba yana kallon bango. Na ce, "Ranka ya daɗe, a gida kowa ya san mai sunan. A takarda kuwa shi ya sha wahalarsa. A bar masa."

Alƙali ya rubuta, magatakarda ya buga, aka manna tambur aka sa hatimi. Baba ya ci gaba da tsayuwa da bargonsa. Alƙali ya ce, "Baba, an gama." Baba ya ce, "Shi ke nan?" Ya ce, "Shi ke nan. Ni ma takardata ta girme ni da shekara biyu."

Daga Agiye ƙanena bai koma gida ba. Ya ce ba zai ba gidan waya amanar takardun ba, ya hau motar Maraɗi don ya wuce Yamai ya miƙa da hannunsa. Mu muka komo Cadawa. Da muka sauka, soja da ungozoma suka yi gaba, ni da Baba muna baya. Mun kusa gida ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka ji haushi?"

Na ce, "Na ji, da can. Shekarar da ya zo hutu mutane suna kawo masa wasiƙa yana karanta musu."

"Yanzu hwa?"

"Yanzu ni ma ina karantawa. Kuma zabira tana wurina."

Ya ce, "To." Ba mu sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Takardu sun shiga saura kwana biyar. Bayan wata ɗaya aka yi jarrabawa, kwana biyu ana rubutu, rana ta uku aka tsayar da su gaban manyan likitoci ana yi musu tambayoyi. Ƙanena ya ce an ba shi hoton ƙashin wani muƙamuƙi da ya karye a gindin kunne aka ce ya faɗi abin da zai yi. Ya koma bakin aikinsa a Maraɗi, muka zauna jira.

Amsar ta zo da rani. A takardunsa ya rubuta Cadawa ne gida, don haka wasiƙar ta biyo ta buro zuwa wurin mai gari. Dogari ya karanta sunan da ke bayan ambulan, ya ga nawa ne, ya kawo mini ita gindin gawo ina tsakiyar aski. Na gama askin tukuna, na wanke hannu, sannan na buɗe. Na karanta sau uku. Faransancina bai kai in amince da shi a kan abu irin wannan ba, sai na kai wa mushen lakol ya sake karantawa. Ya ce abin da na fahimta haka ne, an ɗauke shi, ya shirya tafiya kafin damina.

Na kai wa Baba. Ya karɓi takardar ya juya ta, ya miƙo mini. Ya ce, "Gobe ka kai mishi da kanka. Ka ce in ya je ya kula da na gindin kunnen nan."

Bafulatanin ya dawo bayan kwana arba'in, kamar yadda aka ce masa, aka kwance wayar. Yana tauna da gefe ɗaya, bakinsa ya ɗan karkace, ba ya buɗuwa sosai. Bayan shekara huɗu, da ƙanena ya gama ya dawo, Baba ya sa na bi rugage har na same shi wajen Gazawa, na ce ya zo a gyara masa, yanzu akwai wanda ya iya. Ya yi godiya ƙwarai, ya ba ni nono, ya ce ya saba da bakinsa haka. Wani ɗan ƙanwarsa ya haɗa ni da shi, yaro mai shekara bakwai da ciwo ya cinye wa kunci. Shi na kai Maraɗi a madadinsa.

Ni kuwa sai da zan tafi aikin hajji na nemi takarda. Aka rubuta ni da sunan ƙanena da shekaruna na gaskiya. Tana cikin zabira, a aljihun da nake ajiye awartaki.